Jaririn da Aka Tsinta a Juji

A zamanin da, bayan wata yunwa da ta sa mutane haƙar gidan tururuwa neman hatsi, an yi wani Sarki mai tausayi wanda abu ɗaya ya hana shi sakat: jariran da ake tsinta a yashe. Wani a bakin kasuwa, wani a ƙofar masallaci, wani kuwa sai dai zanensa, kura ta riga mutane. Sarki ya yi shawara da Wazirinsa Ilu, aka gina gida kusa da fada, aka zuba mata masu shayarwa. Sannan aka yi shela: duk yaron da aka samu a yashe ya zama na Sarki, wanda ya yasar da shi kuwa ba shi ba ɗan har abada, kuma zai bar gari. Dokar nan ta yi rana ƙwarai, Allah Ya saka wa Sarkin nan, yara da yawa da ita suka rayu.

To, a unguwar marina akwai wata mata, Tasalla, mai wabi. Duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye sai ya koma. Da ta sake haihuwar namiji, tsofaffi suka ce mata, "Son da kike nuna musu ne ke korar su. Wannan ki kai shi juji kamar ba kya so, wata tsohuwa ta tsinto shi ta kawo miki." Camfi ne, na sani, rai na Allah ne. Amma ku je ku faɗa wa uwar da ta gaji da karɓar gaisuwar 'ya'yanta!

Da hantsi ta naɗe shi a tsumma, ta ajiye a juji, ta laɓe bayan danga tana leƙe. Tsohuwar da aka shirya da ita kuwa ta tsaya gaisuwa a hanya. Kun san tsofaffi, sai sun tambayi lafiyar akuya. Kafin ta iso, wani dogari ya gitta, ya ji kuka, ya sunkuci yaro sai fada.

Wayyo, Tasalla! Ta bi shi ba ko takalmi. Ta durƙusa a zauren fada tana kallon ɗanta a hannun wata, hankalinta a tashe. In ta ce ita ta ajiye shi, doka ta raba su. In ta ce tana son sa, a ganinta ta kira masa mutuwa da bakinta.

Sarki ya dube ta ya ce, "Ke baiwar Allah, ɗanki ne?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na haife shi."

"Kina son sa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ban damu da shi ba. Wannan abin, wa zai so shi?"

Fada ta ɗauki salati. Sarki ya fusata, ya ce a fitar da ita daga gari kafin azahar. Sai Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, mun ji bakin matar nan. A bar ni in tambayi yaron."

Ya karɓi jariri, ya warware tsumman a gaban jama'a. Tsumma dai kaca-kaca, amma yaro ɓul-ɓul, jiki ya sha man kaɗanya, ido ya sha kwalli, an yanke masa farce tsaf. Da iska ta taɓa shi ya tsala kuka. Nan take gaban rigar Tasalla ya jiƙe sharkaf da nono, ta ƙanƙame jikinta, hawaye na zuba.

Waziri ya ce, "Ya sunansa?"

Ta ce, "Ajuji."

Ya ce, "Ina 'yan'uwansa?"

Ta ce, "Duk sun koma."

Waziri ya juya ga Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan wabi ne. Tsoron rasa shi ya sa ta kai shi juji. Dogari bai yi laifi ba, gara da ya ɗauko. Mu ne muka kafa doka mai hukunta uwa ba a tambayi maƙwabtanta ba."

Sai Sarki ya ce, "Daga yau duk yaron da aka tsinta a fara ba shi nono da wurin kwana. Amma ba za a raba shi da iyayensa ba sai an ji ta bakin mai unguwa da ungozoma. In yunwa ce ta sa, a kai wa gidan hatsi. Juji kuwa na hana, akwai karnuka." Ya dubi Tasalla ya ce, "Na riga na yi shela, yaro nawa ne, ba zan janye ba. Sai dai ina neman mai riƙo. Ki tafi da shi ɗakinki ki raina mini, ungozoma za ta riƙa leƙo ku. In mutuwa ta zo tambaya, ki ce ba naki ba ne."

Tasalla ta faɗi tana godiya, ta yi wa Sarki addu'a, ta yi wa Waziri, har dogarin ma sai da ta sa masa albarka. Ta karɓi ɗan da hannu biyu, ta kai ƙofa, sai ta tsaya ta waiwayo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda na Sarki ne, ba laifi in na so shi?"

Sarki ya ce, "Umarni ne."

Nan a bakin zaure, gaban fadawa da kowa, ta zauna ta rungume shi tana kuka tana cewa, "Ina son ka, Ajuji, wallahi ina son ka." Ajuji kuwa ya rayu, shi ya yi mata sutura bayan ta tsufa tukuf.