Ƙonannen Wake da Fatar Barewa

Abin da na rasa a wannan lamari shi ne aikin girki a sansanin farauta, da gaisuwar dangin mijina. Abin da na samu shi ne sunana, wanda ya kusa salwanta a bakin mutane. Wanda ya jawo duka biyun ƙanin marigayi mijina ne, wanda maharba ke kira Sai-Ni. Ba mugu ba ne, a iya sanina. Ciwonsa ɗaya, yana son a gan shi. In ya harbi zomo, sai ya bi da shi ta tsakiyar kasuwa yana lilo da shi ta kunne.

Mijina maharbi ne. Da ya rasu ya bar ni da yara da rumfar sayar da abinci a bakin tasha. Abokan farautarsa suka zo suka ce in riƙa bin su daji ina yi musu girki, su biya ni yadda suke biyan mai girkin da. Na ce ni ba mai girkin da ba ce. Muka ja, muka ja, har shugabansu, dattijon da kowa ke ce wa Baba, ya gaji ya ce, "To me kike so, 'yata?" Na ce ban da ladan aikina, duk fatar dabbar da aka harba tawa ce. Ya ce, "Allah ya jiƙan mijinki, ya yi haƙuri." Aka yi dariya, aka shirya a haka.

A fitar da zan ba da labarinta, ruwa ya kwana yana zuba, itace duk ya jiƙe. Da safe Baba da mutanensa suka shiga daji a ƙasa. Sai-Ni ya ɗauki motarsa ya yi wani ɓangaren shi kaɗai, wai hayaniyarsu tana korar masa nama. Ni kuma na yini ina fama da murhu. Na zuba wa wutar kananzir, ta tashi gaba ɗaya, ta kama gindin tukunyar wake. Waken ya fito baƙi-baƙi, yana ƙauri. Ban ji daɗi ba, amma wake ne mai kyau, da hannuna na tsince shi.

Da yamma su Baba suka dawo da barewa, tuni sun cire mata kayan ciki tun a inda ta faɗi, kamar yadda ake yi. Suna cikin feɗewa sai ga motar Sai-Ni. Na ɗauka za a sha kallo, don shi ba ya shigowa sansani sai da dabbarsa sukutum, a ɗauki hoto, a yi ta jinjina. Sai ya fito da daro cike da nama yankakke, an wanke shi tas.

Na ce masa cikin wasan ƙanin miji da muka saba, "Mijina, yau kai ne da wuƙa? Lafiya?"

Ya ce, "Matar yaya, na rage miki aiki kuma ki tsaya tambaya? Barewa ce, yanzun nan na harbe ta."

Kafin in sake magana ya juye daron a kan naman su Baba, ya cakuɗa da hannu. Baba ya ce, "Ina fatar? Haƙƙin yarinyar nan ne." Sai-Ni ya je ya ɗauko ta a nannaɗe ya jefa cikin buhuna.

Ina barbaɗa gishiri da barkono sai wani ɗan wari ya bugi hancina. Na ɗauki yanka ɗaya na shinshina, lafiya lau. Na ɗauki wani, kamar akwai, kamar babu. Na ce, "Baba, anya naman nan?" Sai-Ni ya riga shi amsawa, "Hancinki ne ya cika da ƙaurin wakenki. Kin ƙona abinci kina neman abokin laifi." Maza suka kwashe da dariya. Ni kaina na fara shakkar hancina. Aka shimfiɗa ragar waya a kan garwashi aka gasa. Wallahi naman ya yi kyau, yana ƙyalli, mai yana ɗiga. Kowa ya ci nama, ya taɓa wake yana yatsina fuska. Sai-Ni ya ture waken da ƙafar cokali, ya ce shi bai gaji da duniya ba, ya ɗauki burodi da shayi ya koma gefe. Ni kuwa don haushi na zauna na cinye nawa waken har da ƙanzo, ban kalli namansu ba.

Gari na wayewa sansani ya rikice. Wannan ya ruga bayan duwatsu, wancan yana amai a bakin tanti. Wasu kuma garau, suna neman karin kumallo. Baba ne ya fi jin jiki, ko tashi ba ya iya yi. Na tsaya da ludayi a hannu ina lissafi a raina. Wani ya ci nama da wake ya kwanta, wani ya ci nama da wake yana tsaye. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya. Ruwan jarka ne? Ai kowa ya sha. Man girki ne? Da shi na soya wa 'ya'yana ƙwai kafin in taho.

Sai-Ni ya warware musu. Ya ce, "Ku dube ni. Ni kaɗai ne ban ci waken ba, ga ni daram."

Na ce, "Ni na ci, har da ƙanzo, ga ni ni ma daram."

Ya ce, "Ke ai cikinki ya saba da girkinki."

Har masu riƙe da ciki sai da suka yi murmushi. Na koma haɗa tukwanena. Aka kwashe tanti, aka wuce da Baba asibiti, aka sa masa ƙarin ruwa.

Labari ya riga ni isa tasha. Direbobin da suke cika mini benci suka koma wajen maƙwabciyata. Wani kwandasta yana wucewa ya ce, "Mama, akwai waken nan mai kwantar da maharba?" Na dafa na zubar, na rage mudu na sake dafawa na zubar. Har na ɗauko sauran buhun waken na baje a tabarma ina duba shi ƙwaya-ƙwaya, ko wani abu ne a ciki. Babu ko ƙwaro.

Ana haka sai ga Sai-Ni har gida, ni ina shanya fatu a bayan ɗaki. Ya ce tausayina ya ji, ya zo ya sayi fata ɗaya ya taimake ni. Na nuna masa ta Baba, mai sheƙi. Ya ce a'a, tasa yake so, ta tunawa. Tasa kuwa duk ta fi muni, na zuba mata gishiri ya fi na kowacce amma ta ƙi daɗin gani. Na faɗi kuɗin fata mai kyau don in ji ta bakinsa. Ya ce ya saya. Tun da nake ciniki ban taɓa ganin Sai-Ni ya sayi ko albasa bai taya ba. Na ce na yi kuskure, kuɗin fata biyu ne. Ya ce ya saya. Na ce a haɗa da buhun shinkafa. Ya share gumi ya ce to.

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Na juya fatar, na shafa, na ɗaga ta a rana, ko zinariya ce a liƙe ban gani ba. Na ce, "Mijina, ka je, sai na yi shawara." Ya ce, "Matar yaya, ruɓaɓɓiyar fata ce fa." Na ce, "Shi ya sa nake son in ji abin da kake saye."

Na nannaɗe ta na kai wa majemin da ke sayen fatuna. Ya shimfiɗa, ya sa yatsa biyu ya ja gashin wajen ciki, sai ya taho masa kamar auduga. Ya juya ta ya nuna mini wani kore-kore da ramin harsashi.

Ya ce, "Wannan a tumbi aka same ta, kuma ta yini da kayan cikinta a wuri mai zafi. Kin ga zanen nan? Tampol aka rufa mata. Kada dai an ci naman?"

Na zauna a kan turmin jimarsa. Sai yanzu abubuwa suka fara hawa kan juna. Naman barewa biyu aka cakuɗa, kowa da yankan da ya faɗo hannunsa. Kuma mutumin da ya yi ta shelar bai ci wake ba, babu wanda ya lura bai ci nama ba.

Na ɗauki fatar sai gidan Baba. An sallamo shi, ya rame, wuyan rigarsa yana yi masa yawa. Na faɗa masa abin da majemin ya ce, ya ja gashin da kansa, ya aika aka kira Sai-Ni. Da ya shigo ya ga fatar a tsakar ɗaki, sai ya durƙusa tun ba a tambaye shi ba. Ya ce da sassafe ya harbe ta, ya yanka, amma ya ƙi farke cikin don kada ta motse, yana so a gan ta da girmanta. Ya rufe ta a bayan mota ya tafi neman ta biyu, don ya shigo da biyu rigis. Bai samu ba, ya dawo ya tarar ta kumbura. Kunya ta hana shi ya dawo hannu wofi.

Baba ya ce, "Ka san ta lalace ka zuba mana, ka koma kana shan shayi kana kallonmu?" Daga ranar babu maharbin da ya sake fita da shi. Baba kuma ƙarfinsa bai dawo ba, ƙungiyar ta watse, aikina na daji ya tafi da ita. Dangin mijina suka ce na tona asirin ɗansu a kan fata. Sai-Ni ya biyo ni har rumfa, ya ce in faɗi ko nawa ne, in ba shi fatar, don kada in riƙa nuna wa mutane.

Darasin da ke nan a fili yake. Son a gani yana sa mutum ya bar aikin da ya kamata ya yi a kan lokaci, in abu ya lalace kuma kunya ta sa shi ɓoyewa, ɓoyewar ita ce ke kwantar da bayin Allah. Wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, asararsa barewa ɗaya ce. Kuma kada a yanke wa abinci ko mutum hukunci da ganin ido, don ƙonannen wakena bai cuci kowa ba. Mai son jin yadda na sallama fatar kuwa, ban karɓi kuɗinsa ba, ban karɓi shinkafarsa ba. Na ce ya tsaya a bakin rumfata da rana tsaka ya faɗa wa direbobi abin da ya yi da bakinsa, sannan kullum ya zauna a bencin da ke kallon titi ya ci farantin wake, ya biya kamar kowa, har sai benci ya cika ya rasa wurin zama. Ya nemi ragi. Ban rage ba.