Saniyar da Ta Riƙe Nononta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

A wata ruga can bayan dutse, inda hanya take ƙarewa, akwai wata tsohuwa ana ce mata Goggo Jebbu. Doguwa ce, tana tafiya a miƙe kamar kara, kuma ba a taɓa jin ta roƙi ko gishiri a wurin kowa ba. Tana zaune da 'yarta ta fari da mijin 'yar, wani makiyayi mai suna Baleri.

Sai rani ya yi tsanani. Sai 'yar ta haihu, ta sami namiji, ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta cika. Aka yi mata sutura aka kai ta. Goggo Jebbu ta ɗauki jaririn ta goya, ta koma bakin turmi ta ci gaba da daka, idonta ƙamas.

To, ga jariri ba uwa, ga ruga ba mai shayarwa. Goggo ta jiƙa saiwoyi ta sha, ko nata nonon zai dawo kamar yadda yake dawo wa wasu kakanni. Bai dawo ba. Shanu kuwa duk sun ƙafe saboda rani, in ban da guda ɗaya, Gudale, farar saniya mai dogon ƙaho, wadda take shiga gaban garke in za a fita kiwo. Ita ma a makon nan maciji ya sare ɗan maraƙinta ya mutu. Tun ranar ta riƙe nononta. Hantsarta ta cika har tana sheƙi, amma da an kawo ƙwarya sai ta ɗaure jikinta, ko ɗigo ba ya sauka. Wuni take yi a gaban igiyar da ake ɗaure maruƙa, tana duban maɗaurin da babu kowa a ciki.

Jariri yana shan ruwan kunu yana amayarwa. Kukansa kullum sai ƙara sirancewa yake yi a bayan Goggo.

Sai Baleri ya shiga daji ya nemo Dila ya lallashi Gudale, don an ce duk dawa babu mai bakinsa. Dila ya ce lallashi ai sana'arsa ce, shi da ya taɓa shawo kan kunkuru har ya yarda gudu yake yi. Ya ce a ajiye masa zakara ɗaya, kafin rana ta take ƙwarya za ta cika.

Sai Dila ya zo ya durƙusa gaban Gudale. Ya yabi ƙahonta, ya yabi tafiyarta, ya ce man nononta ya fi zuma, ya ce tun daga nan har bakin kogi ba a haifi kamarta ba. Ya ce mutuwar ɗan nan nata ta hana shi cin abinci, don kullum yana hango shi yana tsalle. Gudale ta bar shi har ya gama.

Sannan ta ce, "Wane launi ne ɗan nawa?"

Dila ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Fari tas, ranki ya daɗe, kamar uwarsa."

Ta ce, "Ja ne. Tashi ka ba ni wuri."

Dila ya tashi, ya bi ta bayan bukka, ya sure zakaran duk da haka, ya shige daji.

Sai Baleri ya ce tun da zaƙin baki bai ci ba, a gwada tsoro. Ya nemo Kura. Kura ta zo ta tsuguna can nesa, tana lasar baki. Ta gaya wa Gudale cewa saniyar da ba ta ba da nono ta mahauta ce, ranar kasuwa za a ja ta, kuma ita ta riga ta yi magana a bar mata kai da ƙafafu.

Gudale ta sunkuyar da ƙaho, ta ce, "Matso kusa, ƙawata, kunnena ya yi nauyi."

Kura ta dubi tsinin ƙahon nan biyu. Ta ce ai ta tuna ta bar 'ya'yanta ba kowa, za ta dawo. Har yau ba ta dawo ba.

Sai Baleri ya tuna da dabarar da tsofaffin makiyaya suke yi. Ya sauko da fatar maraƙin daga kan bukka inda aka shanya ta, ya cusa mata ciyawa, ya ɗinke, ya kafa mata ƙafafun itace, ya shafa mata kanwa a baya. Goggo Jebbu tana gani. Ranta bai so ba, amma tsakaninta da suruki akwai kunya, ga kuma nauyin da ke bayanta yana ta raguwa. Sai ta ɗauki ƙwarya ta bi shi.

Gudale ta shinshina fatar. Ta yi wani ɗan gunji ƙasa-ƙasa, irin wanda uwa take yi in ɗa ya daɗe bai dawo ba. Ta fara lasa. Sai ga nono ya sauko. Goggo tana tatsa, kanta a sunkuye, ta kasa duban saniyar. Ƙwarya ta kai rabi, sai harshen Gudale ya kama ɗinkin, ya ɓalle. Ciyawa ta zubo mata a baki.

Ta tsaya cak. Sannan ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar, yashi ya shanye nonon. Ta je can gefen garke ta kwanta, ta juya wa ruga baya. Ko kiwo ta daina fita.

Da la'asar ta yi, Goggo Jebbu ta gyara goyonta, ta tafi ita kaɗai, ba ƙwarya a hannunta. Ta zauna a ƙasa kusa da saniyar. Suka daɗe a haka, iska tana kaɗa busasshiyar ciyawa.

Can sai Gudale ta ce, "In dabara ta huɗu kika kawo, Jebbu, koma da abarki."

Goggo ta buɗe tafukanta ta nuna mata.

Gudale ta ce su mutane ba su san rashi ba, shi ya sa suke wasa da na wani. Ta ce, "Wadda ta raine ni tun ina karsana ta mutu, na yi mata kuka har muryata ta dushe. Ke da kika haife ta, ko sunanta ban taɓa ji a bakinki ba. Ranar da aka kai ta, daka kika yi."

Kun san dai yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, in ya mutu ba ta kuka a ga hawayenta. Goggo Jebbu ta riƙe wannan kara tun tana amarya, har mata suna nuna ta ga 'ya'yansu suna cewa ga yadda ake yi. Da abin take taƙama, shi ne adonta.

Sai ta waiwaya, ta ga ba kowa. Ta fara magana a hankali. Ta ce lokacin da yarinyar take ƙarama, sai ta jira kowa ya tafi kiwo, ta zaunar da ita a cinya ta yi mata kitso, in an tambaya ta ce maƙwabciya ce ta yi. Ta ce ranar nan da aka gan ta tana daka, taɓaryar ce take riƙe da ita, da ta saki da ta faɗi. Sai ta buɗe baki kamar mai koyon magana.

Ta ce, "Dudu. Sunanta Dudu."

Sai hawaye ya zubo, na shekara da shekaru, har ya jiƙa mata zane. Gudale ta juyo da kai ta dube ta. Goggo ta yi kukanta ta ƙoshi, ta share fuska, ta miƙe za ta tafi. Ba ta roƙi komai ba.

Jaririn ya motsa a bayanta, ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Sai Gudale ta yunƙura ta tashi tsaye. Nono yana ɗiga a ƙasa da kansa.

Ta ce, "Je ki ɗauko ƙwarya. Ki gaya musu ba wanda ya fi ni baki, ni na ga dama. Fatar ɗana kuma a binne ta, kamar yadda ake binne ɗan kowa."

Goggo ta ce za a binne, da hannunta ma. Ta tatsa har ƙwarya ta yi kumfa a baki. Ta ɗora a ka, ta ratsa tsakiyar ruga a miƙe, idanunta jajur. Baleri ya gani, ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya iya tambayar ta abin da ya sami idonta.

Yaro ya sha, ya yi barci, ya tashi ya ƙara. Ya yi ƙiba, ya girma, ya yi tsawo har ya wuce ubansa. Duk mashayar da ya je aka tambaye shi ɗan wane ne, sai ya dogara sandarsa ya ce shi ɗan Dudu ne, jikan Jebbu, Gudale ce ta shayar da shi.

To, kun ji. Wanda rashi ya kwantar, ba a tashe shi da yabo, ba a tashe shi da tsoro, ba a tashe shi da wayo. In kana son shawo kansa, ka je hannu sake, ka zauna a ƙasa inda yake zaune, ka buɗe masa naka ciwon ya gani.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan bakin garke, mai so ya ɗauka.