Tabon da Kalilu Ya Ɓoye wa Likita

Kalilu manomin albasa ne a Jiga Birni, ƙaƙƙarfan mutum mai hannun kyauta. Aibinsa ɗaya: ya fi tsoron bakin mutane a kan ciwo. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya ce gajiya ce.

Wata rana matarsa Delu ta ga wani tabo fari-fari a damtsensa. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Ta yi ta roƙonsa har ya hau babur ya tafi asibiti a Jega.

Likita ya kai shi bakin taga inda haske yake, ya duba tabon, ya shafa. Ya tambayi yaushe ya fito, kuma ko wani a dangi ya taɓa yin irinsa. Kalilu ya tuna kawunsa na Karaye da ya rasu babu yatsu. Amma ya ce, "Babu kowa."

Likita ya ɗauko auduga. "Malam Kalilu, rufe idonka. Duk inda ka ji na taɓa, ka nuna mini."

Aka taɓa kafaɗa, ya nuna. Daga nan bai sake jin komai ba, ya kuwa san a kan tabon ake. Sai ya saci kallo, ya nuna wurin daidai.

"Ka tabbata ka ji?"

"Na jiya sarai, likita."

"To, ya yi kama da kyasfi. Ga maganin shafawa. Ka dawo bayan mako biyu. In bai ɓace ba, za mu kankari fatar kaɗan mu kai ɗakin gwaji."

Bai koma ba. Tabo ɗaya ya zama huɗu. Ya koma sa riga mai dogon hannu, kullum yana mintsinin wurin a ɓoye ko zai ji.

Bayan shekara biyu, ya dawo daga fadama da yamma, Delu ta kawo masa ruwan wanke hannu. Sai kwanon ya suɓuce mata.

"Maigida, mi ya samu hannunka?"

Tafin ya ƙone, fata ta saluɓe. Ashe tun da hantsi ya dafa injin ban-ruwa da zafinsa, bai sani ba. Yatsu biyu ma sun fara lanƙwashewa.

Ya koma asibiti. Wannan karon bai ɓoye wa likita komai ba. Gwaji ya nuna kuturta ce.

Likita ya ce, "Cutar nan tana warkewa. Da ka gaya mini gaskiya tun farko, da ka gama magani da hannunka lafiya. Yanzu za mu kashe cutar, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Gobe ka kawo iyalinka."

Da aka duba su, aka sami ƙaramin tabo a bayan 'yarsa Zinatu. Nata an tare shi da wuri. Kalilu ya warke, sai dai har yau yatsunsa ba sa riƙe irin albasa lokacin dashe.

Darasi: likita ba ya ganin abin da ke cikin zuciya. Da idonsa, da amsarka, da gwaji yake gane ciwon fata. Wanda ya yi masa ƙarya don kunya, jikinsa ya cuta da na iyalinsa. Ka faɗi gaskiya, kuma in an ce ka dawo, ka dawo.