Tozon Raƙumi a Ofishin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Aka kafa doka: ba mai dakon kaya a hanya sai da lasisi. Kura aka ba ofishin. Raƙumi ya zo nema.

Kura ta ce, "Alhaji, sai an auna ka ba kaya. Sauke lodin nan na bayanka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, tozona ne, da shi aka haife ni."

Ta ce, "Doka ba ruwanta da haihuwa."

Ga gishirin mutane jibge yana jiransa. Raƙumi ya durƙusa, ta yanke tozon, ta lamushe.

Ta lashe baki, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Raƙumi ba tozo? Bawan Allah, lasisin jakuna sai ofishin ƙanwata."

Ƙurunƙus kan ɓera, shi ma yana can bin layi!