Layin Da Ya Ƙi Wucewa

Akwai wata ɗaliba mai suna Senami Agossou, tana digirin digirgir a fannin lissafi a wata jami'a kusa da Kwatano. Malaminta, Farfesa Hounkpe, ya yi suna da wata hujjar lissafi da ya rubuta shekara ashirin da suka wuce.

Senami ta shigar da hujjar cikin manhajar da ke tantance lissafi mataki-mataki. Wannan manhaja ba ta san "a bayyane yake" ba, sai ka nuna mata dalili. Komai ya wuce lafiya, sai layi ɗaya ya yi ja, alamar kuskure. Farfesa ya raba da wata lamba bai tabbatar cewa ba sifili ba ce.

Sati uku tana zargin kanta kafin ta same shi a ofis, ta nuna masa babin da ta rubuta kan kuskuren a kundin digirinta.

Ya yi dariya. "Yarinya, kwamfuta ce za ta koya mini lissafi? Lokacin da na rubuta wannan ko makaranta ba ki fara ba."

"Ranka ya daɗe, ba shekarunka ta duba ba, layi na arba'in ta duba."

Fuskarsa ta canza. "Cire babin nan, ko ki nemi mai sa miki hannu."

Ƙawarta Mahouena ta ce, "Ke dai cire ki huta! Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Wallahi ba zan cire ba."

Aka ɗage jarrabawarta. 'Yan ajinta suka gama suka bar ta, Farfesa ko gaisuwarta ba ya amsawa. Wata bakwai tana fama, har ta gano hanyar toshe giɓin.

Shugaban sashe ya kira zama. Senami ta haska aikin a bango. Tsohon layin ya yi ja a gaban kowa, nata gyaran ya wuce har ƙarshe.

Farfesa ya ɗauki alli zai kare kansa. Ya rubuta layi biyu, ya tsaya, ya daɗe yana kallon allo. Sannan ya ajiye allin, ya ce a hankali, "Kawo kundin in sa hannu."

Darasi: Girman suna ba ya gyara kuskure. In ka tabbatar da gaskiya, tsaya a kanta cikin ladabi, ko da kai kaɗai ne. Ku tura wa duk ɗalibin da ake neman rufe wa baki.