Ranar da Wutar Kura Ta Mutu

Ga ta nan tafe, ga ta gare ku.

Ta iso mu ji ta.

Zaki ne ya naɗa Kura 'yar sandan kasuwa, ya ba ta kulki. Ita kuwa ba ta tambaya, sai duka. Har Akuya ta taɓa karya wa ƙafa don ta yi jinkirin gaisuwa.

Ran nan wutar murhunta ta mutu. Ta ce bari ta ɗebo a maƙwabta, ko ta samu abokin hira, don an daɗe ba wanda ya taka gidanta.

Tana sallama a gidan Zomo, ya haura katanga. Ta shiga gidan Kunkuru, shi ba ƙafar gudu.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, me aka ce na yi?"

"Haba maƙwabci, wuta na zo ɗiba."

"Ɗauki har da tukunyar, ranki ya daɗe."

Kura ta ajiye kulki, ta zauna. "To, matso mu ci tare."

Kunkuru ya janye kai cikin ɓawonsa. "Wallahi daga nan ma na ƙoshi."

Ta jira, ta jira, har tuwon ya huce. Sai ta zuba garwashi a kasko, ta kama hanyar gida.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan tawa ta tsaya.