Sallahun Tasalla a Ƙofar Teku

Dalilin da ya sa ruwan kogi ya fi ko'ina dagulewa daidai inda ya haɗu da teku, yau za ku ji shi. Ku matso, kai ma mai gyangyaɗin can buɗe ido.

A da can, Kogi garau yake tun daga duwatsun da ya fito har ƙofar Teku, ana hango tsakuwa a ƙasansa. Kuma ɗan aike ne. Duk mai sallahu zuwa kudu shi yake ba, kuma bai taɓa ɓatar da ko allura ba. Da wannan yake taƙama.

A wani ƙauye a gaɓarsa akwai tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Tasalla. Ɗanta guda, Nomau, ya bi masunta zuwa teku. Damina ta zo ta wuce, ta sake zagayowa, shiru kake ji. Wata safiya, hazo na kwance kan ruwa, ta zo da curin jan yumɓu a ƙwarya.

"Kogi, ɗan albarka, zan aike ka."

"Faɗi, Inna."

"Kai wa Nomau wannan. A cikin ƙamshinsa ya yi rarrafe. In ya shaƙa, zai tuna hanyar gida. Amma fa hannu da hannu, kada ka ba kowa ajiya."

"Hannu da hannu, Inna. Na ɗauka."

Kogi ya rungumi yumɓun ya kama hanya. Ya ratsa fadamu, ya wuce garuruwan da ba ya jin harshensu, ya bi ƙarƙashin itatuwa masu saiwa a sama kamar ƙafafun kaza. Yana tafe yana lumshe ido, yana hango Nomau ya shigo gida, Tasalla ta saki tukunyar hannunta don murna.

Da ya isa ƙofar Teku ya yi sallama. Teku ta amsa a hankali, numfashinta duk gishiri.

"Maraba da mutanen tudu. Me aka kawo mana?"

"Sallahu ne, ranki ya daɗe, na Nomau ɗan Tasalla."

"Yana wurina. Kawo in ajiye masa."

"A gafarce ni, hannu da hannu aka ce. A yi mini sallama da shi."

Teku ta ce, "Bawan Allah, tun bara iska ta kifar da jirginsu. Yana kwance a ɗakina na can ƙasa. Hannunsa ba ya karɓar kaya yanzu."

Tausayi ya kama Kogi. In ya ba Teku yumɓun cin amana ne, zubar da shi kuwa ba zai iya ba. Ya ce a ransa, to bari in koma in faɗa wa Inna. Ya juya, Teku ta taka masa, ya fara hawa baya. Bai yi nisa ba sai ya tuna fuskar tsohuwar, ya rasa da wane baki zai fara. Sai ya gangaro. Da ya ga ƙofar Teku kunya ta kama shi, ya sake juyawa.

Haka ya yi ta yi, ya hau ya sauko, har yumɓun ya narke masa a hannu, gishiri ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana, ruwan wurin ya yi jawur. Ita kuwa Tasalla, da ta ji shiru, sai ta ɗauka yumɓun ne bai isa ba. Kowace damina sai ta ƙaro wani.

Shi ya sa har yau, in kun je bakin teku, za ku tarar da ruwan a dagule, ya ja baya, ya dawo. Kogi ne yake ta shawara da zuciyarsa. Har yanzu bai faɗa mata ba.